Karen Hanyar Masallaci

Ranar da Ashafa ya shigo gida da kwikwiyo a cikin buhun taki, Saudatu ba ta ƙara yi masa magana ba sai bayan la'asar. Ita 'yar gidan malamai ce a Kankia, gidan da kare bai taɓa leƙa ko zaurensa ba. Aure ne ya kawo ta Kusada, gidan manomi a ƙarshen gari, daidai bakin hanyar da mutanen bayan gari suke bi in za su kasuwa ko masallacin Juma'a. A shekarar an kwance musu akuya biyu a turke cikin wata guda, shi ya sa Ashafa ya je wurin wani abokinsa Bafulatani ya roƙo ɗan karen.

"Ni dai ba ruwana da shi," ta ce da ta gaji da shirun. "Kada ya taɓa mani ƙwarya, kada ya hau mani tabarma. Kai ka kawo abinka, kai za ka ci da shi."

"Na ji, Saude."

"Ba 'na ji' ba, Baban Salma. Ka riƙe."

Ba a yi kwana uku ba, ita ce take kankare ƙanzo tana jiƙa masa a wani fasasshen kasko. Ta ce don kada ƙanzon ya lalace ne. Ita ce kuma ta sa masa suna Barkono, saboda ja ne, ga shi ɗan mitsitsi, amma in ya buɗe baki duk unguwa sai ta ji. 'Yarsu tilo, Salma, ta yi aure a Rimaye, gidan ya zama daga ita sai mijinta sai dabbobi. In Ashafa ya tafi gona, Barkono yakan kwanta nesa kaɗan da murhu, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallonta, ita kuma tana ba shi labarin ciwon gwiwarta da rashin kirkin kazar maƙwabta. Ba ya musu, ba ya cewa an faɗa masa jiya. A nan ya fi Ashafa, kuma ta sha gaya wa Ashafan haka.

Shekara biyu ba a sake taɓa musu ko igiyar akuya ba.

Sai dai Barkono yana da wani hali da ya gagari kowa ganewa. Yawancin kwanaki yana kwance a ƙofar gida kamar tsumma. Yara su tsallake shi, masu tallan fura su wuce ta gabansa, mai amalanke ya kusa take masa wutsiya, ko kai ba ya ɗagawa. Rana ɗaya kuma sai ka ga ya zabura ya yi kan mutum kamar an watsa masa wuta. Ya taɓa yaga rigar wani abokin ango har ƙasa. Ya taɓa korar wani dattijo da ya dawo daga ta'aziyya har sai da dattijon ya bar takalminsa ɗaya. Aka ɗaure shi da igiya, ya tauna ta. Aka kulle shi a cikin gida, ya haƙa rami ta ƙarƙashin danga.

Wata Juma'a kuma ya ciji Malam Zainul Abidin, shugaban makarantar Islamiyyar unguwa, a ƙwauri. Aka kai Malam asibiti aka yi masa allurai. Malamin dabbobi ya zo ya duba karen, ya ce ba haukan kare ba ne, lafiyarsa ƙalau, mugun hali ne kawai.

Mai unguwa Babba ya kira Ashafa, ya yi masa magana a gaban mutane. Ya ce ƙarshen wata masu sayen karnuka za su zo da motarsu mai keji. Ya ce ba zai yi gaggawa ba, saboda kowa ya san karen ya yi wa unguwa amfani, amma Juma'a ta huɗu shi da kansa zai zo ya zauna a ƙofar gidan lokacin da mutane suke wucewa. In Barkono ya taso wa mutum ko da ɗaya ne, to a miƙa shi ga masu keji, kuma kada kowa ya zo masa da roƙo.

Saudatu ta taɓa ganin motar nan sau ɗaya. Ta ga ƙarfen da suke matse wuyan kare da shi su jefa shi a kan 'yan uwansa, kuma ta san karen da ya shiga kejin nan ba gadi ake kai shi ba. Da Ashafa ya gama faɗa mata, sai ta tashi ta shiga ɗaki ta hau gyaran kwanukan da ba su buƙatar gyara.

"Saude," ya ce daga bakin ƙofa, "ni ina ganin a kai shi wurin Mudassir."

Mudassir ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kaɗai ne a gidansu ya ajiye allo ya bi mafarauta, har mahaifinsu ya rasu yana yi masa addu'ar shiriya. Yanzu yana da wani kango a bayan Kankia, inda ake kai masa karnukan da suka gagari masu su, na 'yan sintiri da na masu gidajen mai a bakin titi. An ce duk taurin kan kare, in ya kwana goma a hannunsa sai ya zama kamar tunkiya. Saudatu ba ta taɓa tambayar yadda yake yi ba. Ta ce to. Ranar Talata aka ɗaure Barkono a bayan babur, Ashafa ya tafi da shi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi mata faɗi. Kullum sai ta kankare ƙanzo ta jiƙa kafin ta tuna, sai ta zuba wa awaki. A kwana na goma, ranar Juma'a da safe, ta ɗauki mayafinta ta ce za ta Kankia gaida Inna.

"Ki gaida Inna," in ji Ashafa, yana murmushi cikin gemu. "In ta kaɗa maki wutsiya ki ce ina gaishe ta."

"Allah ya shirye ka."

Ta gaida Innar tata kuwa, ta sha kunu, ba ta ko cire mayafi ba ta ce a nuna mata kangon Mudassir.

Tun daga nesa ta jiyo haushi. Ta sami ƙanenta da wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, duk ta yage a kafaɗa, yana wanke kwanon karnuka. Hannayensa duk tabon haƙori ne, tsoho da sabo.

"A'a, Yaya! Ke ce a gidan karnuka? Da Baba na raye da yau ya ce mu biyu muka lalace."

"Rufe mani baki. Ina yake?"

Ya kai ta bayan kangon, gindin wata bishiyar bedi. Da farko ba ta gane shi ba. Haƙarƙarinsa sun fito ana iya ƙirgawa, gashin wuyansa ya zube zagaye, wurin ya yi ja yana tsatsar ruwa, ƙudaje na bi. Da ya ji muryarta sai wutsiyarsa ta motsa sau biyu a ƙasa, amma bai tashi ba. Idonsa na kan Mudassir.

"Tsaya ki ga aiki," in ji Mudassir. "Tashi!"

Barkono ya miƙe.

"Kwanta!"

Ya zube, har fitsari ya ɗan zubo masa.

"Kin gani? Yanzu ko yaro ya sa masa hannu a baki ba zai tauna ba."

"Mi ka yi mashi a wuya?"

Ya nuna mata wani dogon bututun ƙarfe da aka zura igiya a ciki, bakinsa da zarge. Ya yi mata bayani ba tare da ɓoye komai ba, kamar yadda maƙeri zai nuna kayan aikinsa. In kare ya taso, sai a zarga masa a wuya a ɗaga shi har ƙafafun gaba su bar ƙasa, a riƙe shi sai ya daina. Kwana ukun farko ba abinci, ruwa kaɗai. Bayan nan dorina, duk lokacin da ya nuna haƙori.

"Mudassir, ba ka tsoron Allah? Dabba ce fa, ba ta da bakin faɗa."

"Tana da bakin cizo ai. Ki tambayi Malaminku." Ya ajiye bututun, fuskarsa ta sauya. "Yaya, kina ganin daɗi nake ji? Duk karen da aka kawo nan an riga an yanke mashi hukunci. Ko dorinata ta kwana goma, ko kejin mutanen nan. Sun fi arba'in waɗanda na mayar wa masu su, suna nan da ransu. Wanda ya ce a lallashe su, ya zo ya sa hannunsa ya lallasa, ga nawa nan ki duba."

Ta duba hannun. Ta zauna a kan wani bulo nesa kaɗan da karen, ta kwance ƙullin ƙanzon da ta zo da shi a bakin mayafi, ta tura masa. Sai da ya dubi Mudassir kafin ya ci.

Rana ta ɗaga, Mudassir ya ce bari ya watsa ruwa ya shirya masallaci, ya sauke ta a tasha a kan hanya. Ya shiga ɗan ɗakin da yake ajiye kaya. Ita tana zaune tana kora wa Barkono ƙudaje da reshen bedi, tana faɗa masa cewa akuyar nan mai ƙahon karkace ta haihu, 'yan biyu.

Can sai ga Mudassir ya fito cikin farar shadda wadda ta sha guga, da hula, ƙamshin turare ya riga shi isowa.

Abin da ya faru ko ƙiftawar ido bai kai ba. Karen da yake kwance kamar ba rai a jikinsa ya tashi sama gaba ɗaya, gashin bayansa a miƙe, ya yi kan Mudassir har sarƙar ta fizgo shi ya faɗi da baya. Ya sake tashi, ya sake faɗuwa. Jini ya fara fita a wuyan.

"Kwanta! Kwanta na ce!"

Ko a jikinsa. Mudassir ya tattare riga ya rarumi bututun.

"Ajiye!" in ji Saudatu. Ita da ba a jin muryarta daga tsakar gida zuwa zaure, sai ga shi har karnukan da ke ɗaya gefen sun yi tsit. "Ajiye shi, ka koma ɗaki ka sa waccan tsummar taka."

"Yaya, zan makara."

"Ka makara. Je ka."

Ya tafi yana gunaguni, ya dawo da tsohuwar rigarsa. Barkono ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya kwanta tun ba a ce masa ba.

Saudatu da Mudassir suka dubi juna.

Saudatu ta koma kan bulon ta zauna, don abubuwa sun fara zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Abokin ango, ranar ɗaurin aure. Dattijon nan, daga ta'aziyya. Malam, ranar Juma'a. Sai kuma ta tuna abin da ta gani ta kafar danga ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ba ta taɓa ɗaukarsa komai ba. Kowace Juma'a, mutane sun yi wanka sun yi alwala sun sa fararen kaya, in suka doso ƙofar gidanta sai kowa ya duƙa ya ɗauki dutse tun daga nesa. Ba don mugunta ba, kowa gudun kada kare ya shafi rigarsa ko ya lashi ƙafarsa yana kan hanyar salla yake yi. Tun Barkono yana ɗan kwikwiyo mai son wasa, in ya rugo da murna, dutse ne yake tarbarsa. Mutanen nan kuwa su ne in sun sa kayan gona ranar Asabar suke wucewa ba su ko kalle shi ba.

Har Ashafa. Ashafan da yake zama da shi a gindin kuka a gona, yana raba masa dumame. Ranar Juma'a in ya fito da farar babbar rigarsa, ƙafa yake sawa ya ture shi, wata rana ma da buta ya ƙwala masa a hanci.

"Shekara biyu," ta ce a hankali. "Duk mai farar riga da ya taɓa gani jifarsa ya yi. Kai kuma ka kwana goma kana dukansa da rigar wankin kwano."

Mudassir ya sosa ƙeya. "To ai da sauƙi. Gobe sai in sa farar in yi mashi."

"Ka sa farar ka shaƙe shi, don ya tabbata abin da ya sani gaskiya ne? Kwance mani karena."

"Yaya, saura sati biyu fa. In kika kai shi haka, keji zai shiga. Ki bar mani shi, na rantse ko mai farar riga ya gani sai ya ɓuya."

"Halan ya ɓuya a gabanka. Kai za ka zauna mana a ƙofar gida kowace Juma'a da bututu?"

Bayan an sauko masallaci shi da kansa, cikin tsohuwar rigarsa, ya ɗauko su a babur har Kusada, da sarƙar, da wani maganin shafawa na wuyan. Da zai tafi ya ce, "In ta ƙi, kada ki ce ban faɗa ba." Ta ce ta ji.

Da Ashafa ya ji abin da take so ya yi, sai ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"In sa babbar riga in ba kare abinci? Rigar da na sa ranar auren Salma?"

"Ita. Da hula, da turare."

"Saude, mutane za su ce na taɓu."

"Sun daɗe suna faɗa. Kai ka fara ƙwala mashi buta, kai za ka fara ba shi haƙuri."

"Ni na ƙwala mashi buta?"

"A hanci. Ina tsaye."

Washegari da hantsi Ashafa ya fito daga ɗaki kamar mai zuwa gaida hakimi, riƙe da fasasshen kasko. Barkono na ɗaure da sarƙa a turke. Da ganinsa ya tashi yana haushi har muryarsa ta dishe. Saudatu ta ce kada ya matsa, kada ya tsawata, kada ya ɗaga hannu. Ya ajiye kaskon inda sarƙar ta kai, ya ja da baya ya tsuguna, yana kiran sunansa da muryar da yake kiransa a gona. Karen ya tsaya yana rawar jiki. Muryar ta Ashafa ce, rigar ta maƙiyi ce, ya rasa wadda zai gaskata. Ranar bai ci ba sai da Ashafa ya shige ɗaki.

Rana ta biyu ma haka. Ta uku ya ci, yana ci yana gurnani, idonsa a kan rigar. Saudatu ta hana kanta ba shi ko ɗan ƙanzo, duk abin da zai shiga bakinsa sai daga hannun mai farar riga. Wannan ya fi yi mata wuya, don in ta zauna girki yana kallonta, sai ta juya masa baya tana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa.

Labari kuwa ya zaga unguwa. Maƙwabcinsu Ashiru ya leƙo ta kan danga ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka yi naɗin ba a gayyace mu ba? Sarkin Karnukan Kusada!" Wasu suka riƙa kiransa ango. Ashafa ya ce wallahi ya daina. Da safe kuma sai ga shi ya sake sa rigar, yana cewa yau ce ta ƙarshe. Saudatu tana wanke ta kowace yamma, ta shanya, ta ninke ta sa ƙarƙashin katifa don ta kwanta.

A kwana na takwas Barkono ya kaɗa wa farar riga wutsiya. Ashafa ya juyo yana dariya kamar yaro. "Saude! Kin gani? Kin gani?" Ta ce ta gani, ya rage murya kada ya firgita shi. Shi kuwa Ashiru mai tsokana, Ashafa ya kama shi ya ce tunda bakinsa ya iya magana, sai ya sa tasa farar ya zo ya gwada. Ya zo, ya tsaya can bakin zaure ya wurga dumame kamar mai jifan tsuntsu. Barkono ya yi haushi, sannan ya ci.

Amma Saudatu ta san gyaran kare rabin aiki ne. In ranar ta zo mutum ɗaya ya duƙa ya ɗauki dutse, an koma farko. Kuma ba wanda zai hana mutane duƙawa sai mutumin da aka ciza.

Ta yi kwana biyu tana ɗaukar mayafi tana ajiyewa. Ita ba mai shiga gidaje ba ce, ko a biki tana can ƙarshen tabarma. Ranar Laraba dai ta daure ta shiga wurin Adawiyya, matar Malam Zainul Abidin, ta duba jikin Malam, ta yi ta zagaye-zagaye har Adawiyya ta ce, "Maman Salma, faɗi abin da ya kawo ki, tuwona zai ƙone." Ta faɗa, kanta a ƙasa. Ashe Malam yana ɗakinsa ƙofa a buɗe, yana ji.

"Malama Saudatu," ya ce daga ciki, "kina nufin in bi ta gabansa hannu sake?"

"Allah ya gafarta Malam, haka nake roƙo."

Malam ya fito bakin ƙofa yana ɗingishi.

"Ni dai na san ban taɓa wucewa ta nan ban jefe shi ba," ya ce. "Har nakan zaɓi dutsen tun daga ƙofar makaranta in sa a aljihu. Kullum ina koya wa yara cewa dabba ma tana da haƙƙi a kanmu, ashe ban lissafa da taku ba." Ya ɗan yi tari. "Zan yi wa mutane magana. Amma ki sani ƙafata ɗaya ta rage mai lafiya, ina sonta."

Adawiyya ta tuntsire da dariya. Saudatu ta rufe fuska da mayafi.

Juma'a ta huɗu ta zo. Tun kafin kiran farko mai unguwa Babba ya iso, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar katanga. Ya ce a cire sarƙa, don kare a ɗaure ba shaida ba ne. Mudassir ma ya zo daga Kankia ba wanda ya kira shi, da tsohuwar rigarsa, ya jingine bututunsa a bayan zaure inda karen ba zai gani ba. Ya ce ko da wani abu zai faru. Saudatu ba ta hana shi ba. Ta tsaya cikin zaure tana leƙe, bakinta na motsi da addu'a.

Barkono na kwance a wurinsa na kullum. Ashafa na tsugune kusa da shi cikin babbar riga.

Sai ga su sun ɓullo daga bayan gari, mutum kamar goma sha biyu, fari fat, Malam a gaba yana ɗan ɗingishi. Ya buɗe tafukan hannayensa biyu a gefe, na bayansa ma haka, kamar waɗanda 'yan sanda suka tare. Wani tsoho ya fara duƙawa don sabo, na kusa da shi ya riƙo masa hannu.

Barkono ya miƙe. Gashin bayansa ya tashi, leɓensa ya ɗage, gurnani ya fara fitowa daga can cikinsa. Saudatu ta ji Mudassir ya matsa wajen bututun, ta kama gefen rigarsa ta riƙe. Malam bai tsaya ba, bai ƙara sauri ba, amma tana ganin gemunsa yana rawa. Karen ya yi taku ɗaya gaba.

"Barkono," in ji Ashafa, a hankali kamar mai lallashin jinjiri. "Kwanta, ɗan gidan Saude. Kwanta."

Karen ya dubi Ashafa, ya dubi Malam, ya dubi hannayen da ba komai a ciki. Ya kwanta. Gurnanin bai daina ba har mutum na ƙarshe ya wuce, amma bai sake tashi ba.

Malam ya ci gaba da tafiyarsa cikin natsuwa har ya kai wurin mai unguwa, sannan ya zauna daɓas a kan tabarma ya ce a taimaka masa da ruwa.

Mai unguwa Babba ya daɗe yana kallon karen. "To," ya ce. "Bai taso wa kowa ba, ni shaida ne. In masu keji sun zo a ce masu ba mu da kaya. Amma Ashafa, gurnanin nan bai yi mani ba. Ranar Juma'a ka riƙa zama da shi har mutane su wuce, sai ya saba. Ku kuma," ya ɗaga murya ga masu fararen kaya, "wanda na ji ya ƙara jifarsa, shi da ƙwaurinsa."

Saudatu ta saki rigar ƙanenta, ta shige cikin gida da sauri kada a ga idonta.

Bayan an sauko masallaci Mudassir ya zauna a tsakar gida yana cin dambun da ta zuba masa. Ya ci rabi kafin ya yi magana.

"Kin dai ji abin da aka ce mashi ya tsaya. Kwanta. Wa ya koya mashi?"

"Kai."

"To."

"Wa kuma ya yi mashi wancan?" Ta nuna wuyan karen, inda gashi bai gama fitowa ba.

"Ni." Ya juya cokali a cikin kwano. "Da ban fara karya shi ba, Yaya, da naki bai shiga ba cikin sati biyu."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da ya shiga cikin sati ɗaya. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba."

Bai yi musu ba. Ya cinye dambun, ya sha ruwa, ya tashi kamar zai tafi, sai ya sake zama.

"Akwai wata baƙar karya da aka kawo mani shekaranjiya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ta wani mai gidan burodi. Lafiya lau take da kowa, amma in ta ga mutum bisa babur sai ta haukace. Mutum uku ta kayar."

"Ka fara dukanta?"

"Ban fara ba tukuna."

"Kai ba ka da babur?"

"Ina da shi mana, ga shi can a waje."

Saudatu ta ɗauki kwanon da ya gama da shi, ta ƙara masa dambu ba ta tambaye shi ba.

"To ci ka ƙoshi," ta ce. "Gobe ka hau abinka ka kai mata kalaci."